Hantsin Ɗakin Adda

Ku yi mini afuwa, ban taɓa rubuta labari ba, karanta na wasu kawai na iya. Wannan ma don ya ƙi barin raina ne. In na yi kuskure, a gyara mini a hankali.

Fankar kwamfutar Bahijja tana ta huci lokacin da kakarta Adda ta leƙo rumfa. Da sassafe Bahijja ta iso Gwiwa daga Kazaure, inda take karatun zanen gine-gine, kuma aiki ɗaya ya kawo ta. Bangon ɗakin Adda ya tsage daga sama har ƙasa, ga damina ta ƙarato. Baffa Sabiru ya tara bulo zai gina mata sabo, amma ta ce ba za ta bar ɗakin da ta sani ta shiga wanda ba ta taɓa gani ba. Gobe Haladu magini zai zo. In ba ta amince yau ba, garin Roni zai wuce wani aikin, sai bayan kaka. Shi ya sa Bahijja take haɗa hoton sabon ɗakin a kwamfuta, don Adda ta gani.

"Wa ya zubar da gero a ɗakin?" Adda ta tambaya, tana nuna ɗige-ɗigen da suka cika hoton.

"Ba gero ba ne, Adda, bai gama fitowa ba. Manhajar tana bin hasken rana ne zare-zare, ta ga inda kowanne ya bugi bango da inda ya koma. Sai ta bi da yawa kafin hoton ya washe."

"To ta ɗaga ƙafa mana, 'yar boko."

Bahijja ta yi murmushin dole. Malaminsu ya sha faɗa cewa irin wannan aiki yana son kwamfuta mai katin sarrafa hoto mai ƙarfi, mai ma'ajiyar kansa ta giga takwas, kamar na kwamfutocin makaranta da ke gama hoto kafin shayi ya huce. Tata kuwa ta hannu ce, ba ta da katin sam, ƙwaƙwalwarta kaɗai ke jan kayan. Ta riga ta mutu sau biyu saboda zafi.

Adda ta taɓa ƙasan kwamfutar, ta janye hannu. "Zazzaɓi take yi, ke kuma kin zuba mata ido."

Ta je ta gusar da randa daga kan jiƙaƙƙen yashinta, ta ɗora faifai a wurin, ta ce a kawo marar lafiyar. Bahijja ta kawo, ta ɗora a kan faifan. Adda ta zauna a kujera 'yar tsugunno tana yi mata fifita da mafici. Can sai hucin ya ragu.

Bayan azahar Baffa Sabiru ya jingine babur ɗinsa ya shigo. Hoton ya fito fes: farin bango, gado, tayil mai sheƙi, haske kwance a ƙasa.

"Kamar da kyamara aka ɗauka," in ji shi. "Adda, ga ɗakinki."

Adda ta daɗe tana kallo. "Wannan ranar ta wane gari ce?"

"Ƙarfe tara na safe na sa mata," Bahijja ta ce.

"Shekara hamsin ina shan hantsi a gidan nan. Ta bayan rumbu yake ɓullowa, a tsaye. Wannan ya shigo a karkace, ba ƙarfi, kamar an aro shi. Ba ɗakina ba ne."

Bahijja ta buɗe wurin saita rana. Sunan wani birni na Turai ne a ciki, wanda ya zo da manhajar, ba ta taɓa canza shi ba. Ta gyara, ta sa Gwiwa, ta juya ginin ya fuskanci inda ya kamata. Hoton ya koma gero daga farko. Cajin da ya rage ba zai kai rabin sa'a ba.

"A kai ta shagon caji a kasuwa," Baffa ya ce.

"Ku bar ta," in ji Adda, ta ci gaba da fifita.

A cikin ɗige-ɗigen, farin hasken hantsi ya fara taruwa a ƙasa, dab da ƙofa, faɗinsa kamar tabarmar mutum ɗaya. Adda ta matso, ta ɗora yatsa a kai. Tana nan a haka fuskar kwamfutar ta yi baƙi.

Bahijja ta sunkuyar da kai.

"Sabiru," Adda ta ce, tana ajiye maficin, "ka gaya wa Haladu ya sauko da tagar nan kamu ɗaya. Ina so in riƙa ganin awakina daga zaune. Wannan santsin na ƙasa kuma ba na so, siminti ya ishe ni."

"Adda, tayil ɗin fa har an kawo."

"Kai wa matarka, ita ƙafarta da ƙwari."

"Amma ki bari ko a gefen gado..."

Suna cikin wannan Bahijja ta naɗe wayar caji, ta rungume kwamfutar da ɗuminta, ta bi ta bayan rumbu ta fice zaure. Ba wanda ya waiwayo.