Takardar Asibitin Kaka Borghild

Tuva tana zaune a teburin kicin, littafin tarihi a buɗe, waƙa na tashi a kunnuwanta biyu, sai kakarta Borghild ta turo mata wata takarda.

"Ke mai lafiyar ido, karanta min. Daga asibiti take."

Tuva ta zare iyafis ɗaya kawai daga kunnenta. Shekararta goma sha biyar, kuma ta daɗe tana musu da malamarsu cewa ita kiɗa ba ya hana ta gane karatu. Idonta ya bi layukan, bakinta yana bin amshin waƙar.

"Alhamis, sha ɗaya da rabi, a garin Bodø. Hoton cikinki za su ɗauka. Shi ke nan."

"Duk wannan uban rubutun, shi ke nan?"

"Sauran surutun likitoci ne, tsohuwa."

"Tsohuwar ce dai ta haifi ubanki, marar kunya."

Ranar Alhamis Tuva ce ta raka ta, don mahaifinta yana teku wajen kamun kifi. Awa uku suka yi a jirgin ruwa. Kaka ta sayi kofi da waina mai cuku, ta ci ta ƙoshi, har ta gutsura wa jikar.

A asibiti ma'aikaciyar jinya ta tambaye ta yaushe rabonta da abinci.

"Ɗazu a jirgi. Wainarsu ma ta yi sanyi."

Matar ta karɓi takardar, ta ɗora yatsa a tsakiyarta. "Ai ga shi nan, Mama. Kada a ci komai awa shida kafin a zo. Yau ba zai yiwu ba, sai nan da mako biyar."

Tuva ta leƙa. Da manyan baƙaƙe aka rubuta, har an ja layi a ƙasa. Ta tuna idonta ya bi ta wurin, ta ma tuna baitin da ake rerawa a lokacin.

"Laifin idona ne, 'yar nan," Kaka ta ce wa matar. "Ni na karanta, ban lura ba."

A jirgin komawa tsohuwar ta zauna dafe da gefen cikinta, inda yake mata ciwo. Tuva ta kasa kallonta. Da suka yi nisa ta tambaye ta.

"Kaka, me ya sa kika ce ke ce?"

"Da na ce ke ce, za su duba ni yau?"

"A'a."

"To bar ni in huta."

Suna isa gida mahaifinta ya bugo waya. Kaka ta fara maimaita masa zancen ido, sai Tuva ta karɓe wayar ta faɗa masa yadda aka yi.

"Mako biyar," ya ce. "Da wannan ciwon nata."

Bai yi faɗa ba. Cewa kawai ya yi ta ba shi uwarsa.