Wurin Ajiya a Shekarar Agana

Shekarar da agana ta shiga Maska, Maiwada ne ma'ajin gari. Manomi ya sayar da auduga, sai ya kawo masa wurin da ya samu, kuɗin zamanin, ya ajiye, don gudun gobara da ɓarayi. Abin da ba a sani ba, ajiyar ba kwana take yi ba. Maiwada na ba marina rance su sayi baban rini, in sun sayar da riguna su mayar. Shekara goma sha ba a taɓa jin kansu ba, tunda masu ajiya ba sa zuwa rana ɗaya.

To, ciwo ya ci kasuwa. Fatake suka daina shigowa, riguna suka taru a karofi, marina suka ce sai dai haƙuri. Ana cikin haka Bilki 'yar Maiwada ta kwanta da agana, ya rufe ƙofa kwana uku. Kafin na huɗu magana ta zaga gari: wasu su ce ya mutu, wasu su ce an ga jakunansa a hanyar Zazzau.

Da hantsi ya leƙo, ya ga mutum ya fi talatin, kowa da buhu a kafaɗa. Keso arba'in na wuri, kowane zambar ashirin, ke wuyansa, bakwai ke cikin gida. Ya koma zaure, ya zauna, ya miƙe, ya sake zama. In aka gane haka, sunansa ya mutu, marina ma su bi shi.

Ya fito yana gyara riga.

"Malam Maiwada, ashe kana numfashi," in ji wata tsohuwa.

"Da saura, Inna. Kowa zai karɓi nasa. Sai dai kada in cuce ku, wurin na ɗakin da yarinyar ke kwance. A kansu ma aka yi mata shimfiɗa."

Ba ƙarya ya yi ba, da asuba shi ya ja su can da hannunsa. Aka fara ja da baya. Mai tari ya toshe hanci, wani ya tuna bai ba akuya ruwa ba. Tsohuwar ta ce ai ajiya ba ta ruɓa.

Mutum ɗaya bai motsa ba: Sanda, Bamaguje daga wajen Dayi, fuskarsa duk zanzana.

"Ni agana ta gama da ni tun ina goye. Ba ta maimaita baƙo. Keso biyu ne nawa, ƙirga mini."

"Haba Sanda, ina saurin?"

"Dawa zan saya kafin ta tashi."

Maiwada ya shiga ya jawo keso, ya shimfiɗa tabarma, ya fara jan wuri biyar-biyar, a hankali yadda zai iya. Yana ƙirga yana satar kallon waɗanda suka tsaya daga nesa. Sai ya ji tsohuwar nan tana cewa, "Kai Rabe, ba ƙanenka ma ya taɓa yin agana ba? Je ka kira shi, ya taho da buhuna biyu."

Hannun Maiwada ya tsaya a kan wurin. Ya ɓata lissafi.

"Ɗari shida da hamsin muke," in ji Sanda. "Ci gaba."