Matakalar Kantin Bene

Tun da mantuwa ta fara cin Baba, abu ɗaya ne ya tsaya masa a rai: a kai shi Kantin Bene. Da safe in an gama shafa masa mai a gwiwa, sai ya ce a miƙo masa takalmansa. Da yamma in ya farka daga barci, sai ya tambaya ko an wanke mota, motar da aka sayar tun kafin jikokinsa su yi wayo.

Auta ce ke jinyarsa. Sunan ya bi ta har furfura, don ko a asibitin da ta yi aikin jinya har ta yi ritaya, da shi ake kiranta. Ta kan ce ta bar asibiti ɗaya ne ta zo ta buɗe wani a ɗakin ubanta, mai gado ɗaya da majinyaci mai gardama.

"Ummanku na can gindin matakala tana jira," in ji Baba. "Kin san ba ta son a shanya ta."

Umma ta daɗe da rasuwa. Kantin Bene kuwa an rufe shi tun kafin nan.

Yaya, babban wan Auta, yana zaune a ɗaya gefen gari. Ya kan leƙo a ƙarshen mako da ledar lemo da tulin umarni. Da Auta ta yi masa maganar, ko zama bai yi ba ya yanke hukunci.

"Kada ki soma. Kin ga yadda aka mai da wurin kuwa? In ya je ya gani, zuciyarsa ce za ta buga. Ki riƙa ce masa gobe."

Haka ta yi ta cewa gobe, har kalmar ta fara yi mata ɗaci a baki.

Ita ma ba mantawa ta yi da kantin ba. Lokacin suna yara, duk garin shi kaɗai ne kanti mai hawa biyu, shi ya sa sunan ya kama shi. Duk ƙarshen wata Baba zai dawo daga aikinsa na gyaran wutar lantarki, ya wanke baƙin man da ke hannunsa, ya sa riga mai guga, ya kwashe su. Da an tura ƙofar gilashi sai sanyi ya bugi fuska, sai ƙamshin sabulu da na sabon takalmi. Ƙasa tukwane ne da farantai da rediyo. Sama yadi ne da takalma da kayan wasa. Akwai wani dogon mutum a sashen takalma mai auna ƙafa da wani ƙarfe mai sanyi. In ya gama aunawa, Umma sai ta danna kan takalmin da babban yatsa ta ce a ƙara lamba, ƙafar yaro ba ta jiran kowa. Da haka Auta ta yi rabin ƙuruciyarta tana jan takalmi kamar agwagwa. Akwai ranar da Yaya ya durƙusa har ƙasa ya gai da mutum-mutumin da aka sa wa kwat a bakin ƙofa, ya dawo yana ƙorafi wai mutumin girman kai gare shi.

Sau da yawa ba abin da suke saye sai sabulu da gwangwanin biskit. Amma sai sun zaga ko'ina. Baba zai nufi wajen rediyo ya kafa musu da mai sayarwa, Umma ta hau sama ta shafa yaduka ta sauko, a haɗu a gindin matakala. Kullum ita ke riga zuwa.

Wata safiya Auta ta fito daga wanka ta tarar da gado ba kowa. Sai a bakin ƙofar gida ta same shi, sanda a hannu, takalmin dama a ƙafar hagu, yana kokawa da sakata. Ta gane in ba ta kai shi ba, wata rana shi zai kai kansa. Ta durƙusa ta gyara masa takalman, ta koma ta ɗauko jaka da maganinsa, ta tare tasi. Ba ta kira Yaya ba.

Ginin yana nan inda yake. An cire sunan, sai inuwar haruffan a jikin bango. Ƙofar gilashi ta zama ta ƙarfe. A ciki an yanyanka wurin da katako an fitar da ƙananan shaguna, yawancinsu na waya, kowanne da lasifikarsa tana ihun abin da ta ga dama. Ba sanyi, ba ƙamshi, sai hayaƙin janareta da ke shigowa ta baya.

"Mama, gyaran waya? Mama, zo nan akwai caja!"

Auta ta riƙe hannun Baba gam, tana kallon fuskarsa, tana jiran abin da Yaya ya faɗa. Baba bai kalli shagunan ba. Ƙasa yake kallo. Daɓen bai canza ba, kore da fari, ya goge a tsakiya inda ƙafafu suka fi bi. Ya ɗan tsaya, sai ya ɗaga sanda ya nuna wani shago mai cike da murafun waya.

"Nan tukwane."

Ya ƙara gaba. "Nan fitilu. Can firji, guda ɗaya ake kunnawa, sauran kallo ne." Wani mai shago ya yi dariya, maƙwabcinsa ya zungure shi ya yi shiru. Baba bai ma ji ba. Mutumin da a gida sai an nuna masa ƙofar banɗaki, ga shi yana ratsa lunguna yana jan Auta, ya yi dama, ya yi hagu, bai ɓata ko sau ɗaya ba.

Matakalar tana can ƙurya, faffaɗa, da abin dafawarta na katako da hannaye suka sa ya yi santsi. A sama an toshe ta da ƙofar kwano, an mai da benen ma'ajiyar kaya. An jibge kwalaye a gefe guda. Baba ya dafa katakon, ya shafa shi, sannan ya juya a hankali ya zauna a kan matakala ta biyu.

Ba kowa a wurin. Auta ta yi shekaru tana gaya wa dangin majinyata magana mai nauyi, amma yau harshenta ya ƙi.

"Baba," ta ce, "Umma..."

"Na sani," ya ce. Muryarsa ta fito sarai, irin ta da. "Ni na rufe mata ido. Zauna, Auta."

Ya yi watanni bai kira ta da sunanta ba. Ta zauna kusa da shi a kan ƙura.

"A gida ta ɓace mini," ya ce. "Ina neman fuskarta ba na samu. Wancan hoton na bango ba ita ba ce, ta ɗaure fuska don mai hoto ya ce kada ta motsa. A nan kaɗai nake ganinta, tsaye, jaka a hannu, tana hararata." Ya murza kan sandar. "Kuma duk sanda na ambaci kantin nan sai ku kalli juna ke da yayanki. Har na fara zaton ni na ƙirƙiro shi. Na ce to in ba a yi kantin ba, ita fa? An yi ta?"

Auta ta kau da kai, hawaye suka zubo mata. Duk goben da ta yi ta ce masa, ashe abin da take ƙara masa ke nan.

"An yi shi, Baba. An yi ta. A nan take tsayawa, daidai inda kwalin nan yake."

"Ai kuwa," ya ce. Ya yi murmushi. "Ta ce in na fi son rediyo, in auri rediyo ta riƙa yi mini wanki."

Suka yi dariya tare, ita tana share ido da bayan hannu. Ya ba ta labarin ranar da ita Auta ta ɓata tana ƙarama, aka rufe ƙofofi, ma'aikata suka bazu nema, Umma tana kuka, ashe tana can sama ta haye gadon talla ta ja bargo ta yi barcinta. Auta ba ta taɓa jin wannan ba. Babu kuma Umma da za ta tambaya ko haka aka yi.

Mai gadin wurin ya zo da niyyar ya tashe su, don masu kaya za su bi. Da ya ga tsohon, ya ga fuskar Auta, sai ya sassauta murya ya ce su zauna abinsu, za a bi ta baya. Ya dawo da ruwa a kofi ya ajiye musu.

A cikin tasi hasken da ya dawo wa Baba ya dushe. Baba ya dube ta da ladabi ya tambaye ta ko ita ma unguwarsu za ta. Ta ce e. Washegari da safe ya ce a miƙo masa takalmansa, za a je Kantin Bene.

Da Yaya ya ji, faɗa ya kama yi ta waya. Ya ce ba ta jin magana, ya ce da wani abu ya faru da wa zai ɗauki alhaki. Ta bar shi ya zazzage duka, sannan ta gaya masa abin da Baba ya ce, kalma da kalma.

"Matakalar tana nan?" ya tambaya daga baya.

"Tana nan."

A ƙarshen makon ya zo ba lemo, ya ce a shirya Baba. Shi ya tuƙa su. Wannan karon Baba bai yi magana mai tsawo ba, ya dai zauna a wurinsa yana kallon gefen kwalayen, fuskarsa a sake. Yaya ya tsaya a bayansu da hannu a aljihu, ya daɗe yana kallon ƙofar kwanon da ke sama, sannan ya ce zai je ya duba mota. Auta ta same shi a ciki, ya kifa goshi a kan sitiyari.

Sun ƙara komawa kafin ƙafafun Baba su ƙi ɗaukarsa. A dawowarsu ta ƙarshe barci ya kwashe shi a kujerar baya, kansa a kafaɗar Auta. Da suka iso kwanar gida Yaya ya dube su ta madubi, ya wuce bai shiga ba. Ya zaga ta bayan tasha, ya bi ta gaban tsohuwar makarantarsu, yana kauce wa ramuka a hankali, har sai da Baba ya farka don kansa.

Bayan nan bai ƙara fita ba. Ya rasu da wata safiya ana yayyafi, Auta tana riƙe da hannunsa, Yaya yana hanya.