Surukin Ghissa a Bencin Gaba

Madam Siddiƙa 'yar Damagaram ce. Ta iya koyarwa, amma tana da saurin yanke hukunci, kuma wannan aibi ne ko ga mai ilimi.

A ajinta na yaƙi da jahilci a Arlit akwai wani direba, Ghissa. Kamfanin jigilar da yake wa aiki ya ba shi wata biyu ya iya karanta takardar kaya, in ba haka ba a ba wani direba kamiyon, wato babbar motar kaya. Kullum bayan la'asar yana zuwa, ya zauna can baya, ya ja rawani har ƙarƙashin idanu. In ta ce ya karanta, sai ya sunkuyar da kai.

Da aka yi sati biyu a haka, ta ce za ta soke sunansa.

Bayan an tashi, wata ɗaliba mai sayar da cuku, Tata, ta tsaya.

"Madam, wa ke zama a bencin gaba?"

"Baba Alkassoum mai lambu."

"To, 'yarsa Ghissa ke aure. A wurinmu namiji ko ruwa ba ya sha gaban surukinsa. Ke kuma kina so ya buɗe baki yana ba, bi, bu kamar ɗan akuya."

Madam ta riƙe haɓa. "Ai mu ma muna kunyar surukai. Me ya hana ku gaya mini?"

"Kin tambaya?"

Ba ta tambaya ba. Ta san haruffa, ba ta san mutanen da ke gabanta ba.

Washegari ta sanar cewa dattawa za su riƙa zuwa bayan azahar, har da shayi. Ba ta faɗi dalili ba. Alkassoum ya matso kusa, ya rage murya.

"Allah ya yi miki albarka, 'yata. Sati biyu ina haddace darasi a lambu don kada in yi kuskure gaban yaron nan. Tumatir ɗina har ya fara bushewa."

Da la'asar Ghissa ya sassauta rawani. Ashe murya gare shi kamar ta ladan. Ya yi kuskure shida a layi ɗaya, Tata tana ƙirgawa, aji na dariya, shi ma yana yi.

Ranar gwaji a kamfani ya karanta takardar kaya a hankali, da yatsa a kan kowace kalma. Aka miƙa masa makullin kamiyon, ya ɗauki hanyar Tchirozérine.