Shaidar da Na Ɗauko Daga Dapango

Ni ne Salifou mahauci, wanda ya tsare ragar ƙungiyar Damisar Zango ta Sokode tun ana buga ƙwallo ba takalmi. Ban shiga lakwal na yi boko ba, amma babu gola a ƙasar nan da ya san zuciyar ɗan gaba kamar ni. Duk waɗanda muka ci kofin arewa tare sun riga mu gidan gaskiya, ni kaɗai na rage.

Da ƙungiya ta tashi bikin cika shekara hamsin, aka zana tsoffin 'yan wasa a bangon fili. Na bi bangon nan daga kai har gindi, ban ga fuskata ba. Marigayi Rashid suka sa a raga, mutumin da ya ɗumama benci har sai da na karye.

Na sami Nourou, shugaban ƙungiya, yaron da ni na yanka ragon sunansa.

"Nourou, ina fuskata?"

"Baba, a hoton da muka samu Rashid ne a raga."

"Ranar hoto ina Aouda sayen shanu. Wa ya kama fenariti a Dapango, ranar da muka ɗauko kofi?"

"Kai kaɗai kake faɗa, Baba. Bara da dama ka kama, bana da hagu. Kawo shaida kafin mai fenti ya tashi."

Mutum ɗaya ya rage da ya ga abin: Issifou, ɗan ƙungiyar Dapango, wanda ya buga fenaritin. Na hau mota da wannan tsufa, Kara, Mango, har Dapango, ƙugu kamar zai tsinke. Na tarar da shi a ƙofar gida yana cin gyaɗa.

"Salifou baki-ya-fi-hannu," in ji shi. "Ashe ba ka mutu ba."

"Sai na binne ka. Tashi mu je Sokode ka faɗa wa yara yadda na kama ƙwallonka."

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi.

"Ka kama? Sama na buga ta, ta tsallake raga ta faɗa rumfar mai ƙosai."

"Ƙarya kake."

"Wallahi ko iskarta ba ka taɓa ba. Kai ka yi yamma, ita ta yi sama."

Matarsa Salamata ta leƙo ta ce mu rage murya, jika yana barci. Na zauna ina huci. In na bar shi, babu ni a bango. In na tafi da shi, wannan baƙin bakin zai buɗe a gaban yara.

"To wa ke raga ranar?"

"Kai mana. Wa zai manta waɗannan kunnuwan?"

Na ce ya ɗauko hularsa.

A hanya na saya masa tsire, na lallashe shi ya ce na kama, na tuna masa lahira. A gaban Nourou bai rage ko harafi ba. Aka goge Rashid, aka zana ni da kunnuwana, hannu babu komai, ƙwallo can sama da raga.

Na ce a sauko da ita hannuna. Nourou ya ce abin da shaida ya faɗa shi za a zana.

Issifou kuwa ya ƙi komawa gida. Yana ɗakina yana cin namana, kullum da hantsi sai ya je gindin bangon ya zauna, yana nuna wa masu wucewa inda ƙwallo ta bi.