Makullin Kabad ɗin Allurai

A ɗakinmu na masu karaya akwai doka ɗaya da ko sabuwar nas ta haddace tun ranar farko: makullin kabad ɗin allurai masu ƙarfi ba ya taɓa tebur, ba ya shiga jaka, ba ya fita ƙofar ɗakin. Shugabar ɗaki ce ke rataye shi a wuya. In za ta tashi, ta damƙa shi hannu da hannu ga wadda ta amince da ita, gobe ta karɓi abinta. Wadda ta ajiye shi a ƙasa kuwa ta shirya amsa takardar tuhuma.

Ni ke rataye da shi, amma ni ba shugabar ɗaki ba ce. Riƙon ƙwarya aka ce in yi, na ɗan lokaci, ranar da tsohuwar shugabarmu ta yi ritaya. Lokacin autana yana rarrafe. Yanzu har ya fara ƙirgen dangi yana yi mini gyaran magana, ni kuwa ina nan da farin bel irin na ƙananan nas, da albashin ƙaramar nas, da aikin babba. Marasa lafiya suna kirana Kacau-kacau, don tun daga bakin ƙofa suke jin ƙarar makullin a wuyana.

Baban yara tela ne. Satin da aka ba ni riƙon ya zauna ya ɗinka mini shuɗin bel na shugabanni, har da ɗan ado a bakinsa, bawan Allah. Yana nan cikin durowar kekensa. Duk shekara sai ya ciro shi ya gwada a ƙuguna, ya ce, "Maman yara, in ba su hanzarta ba sai na ƙara masa yadi." In yi dariya, amma wallahi abin yana ci mini rai. Baɗi zan yi ritaya, kuma matakin da mutum ya fita da shi, da shi za a yi masa fansho har ya koma ga Allah.

Shugabar ma'aikatan jinya ta asibitin gaba ɗaya, Ta-Sama muke ce mata, saboda ofishinta na hawa na uku kuma sai da dalili take saukowa. Nas ce ita ma, da lasisinta, tare muka yi makaranta. Ranar ta sauko da takalmi mai tsini, masinja na biye da ita da kwali. Ta tara mu a tsakiyar ɗaki, ga marasa lafiya suna kallo daga gadajensu, ƙafafu a rataye.

"Hukuma ta yaba da ƙwazonki," in ji ta. "Maganar tabbatar da ke dai, a bana ma babu gurbi. A ƙara haƙuri."

Masinja ya buɗe kwalin. Agogon bango! Na uku ke nan da aka ba ni. Ɗaya na falo, ɗaya na shagon Baban yara, wannan kuma sai dai in rataya a banɗaki.

Ban shirya komai daga gida ba, Allah ya sani. Sai dai da ta miƙo hannu mu gaisa, haƙurina ya ƙare. Na cire igiyar daga wuyana, na sa mata makullin a tafin hannu, na naɗe yatsunta a kai.

"Ranki ya daɗe, tunda babu gurbin shugaba a ɗakin nan, babu shugaba. Ke ce ta gaba. Hannu da hannu, ga shaidu."

Ta yi 'yar dariya, ta juya za ta ajiye shi a teburin aiki. Sai Doguwa, nas ɗin da ke bi mini, ta ce a hankali, "Ranki ya daɗe, tebur ne fa." Hannun Ta-Sama ya tsaya a iska. Ita da kanta ta hukunta wata yarinya bara a kan wannan laifin, kowa ya tuna.

Ta miƙa wa Doguwa. Doguwa ta mai da hannayenta baya. Ta juya wajen 'Yar-auta, wadda ko shekara ba ta cika da fara aiki ba, ta sassauta murya: "Karɓi, 'yata. Irin wannan ne ke sa a tuna da mutum lokacin ƙarin girma."

Na ɗauka za ta karɓa, don yarinyar ita ke ciyar da gidansu, kuma ba ta iya musu ba. Ta kalli makullin, ta kalli farin bel ɗina, ta ce, "Haka aka ce wa Anti ita ma." Ta sunkuya ta ɗauki tasar fitsari da hannu biyu ta wuce.

"Yajin aiki kuke yi?" Ta-Sama ta daka mana tsawa.

"Wane mu!" na ce. "Duk aikin mai farin bel za mu yi shi, har da ƙari."

Muka kuwa yi. Muka yi wa marasa lafiya wanka, muka wanke raunuka, muka juya waɗanda ba sa iya juyawa, muka auna zafin jiki. Ita kuma ba ta da ikon fita da makullin, ba ta da ikon ajiye shi. Ta buga waya sama, aka ce manya suna taro. Ta ce za ta sa a kore ni. Na ce to, in an kore ni ma makullin na hannunta.

Wajen azahar Baba Direba ya fara nishi. Dattijo ne da mota ta murƙushe wa ƙugu, in ciwon ya motsa har gadon ke rawa. Lokacin allurarsa ya yi. Ya kira ni, "Kacau-kacau, 'yata, ki taimake ni." Hannuna ya kai wuyana da kansa, babu komai a wurin. Nan ne na ji kamar in fasa. Ta-Sama ta gani, ta ɗago makullin tana kallona.

Na je gabanta na tsaya. "Gado na huɗu yana buƙatar allura yanzu. Ki buɗe, ni zan tsaya miki shaida, ni zan yi masa."

"Ki karɓa kawai ki buɗe mana!"

"Mutum yana jin ciwo, ranki ya daɗe. Ki buɗe."

Ta buɗe. Sai da ta gwada sau biyu kafin ta dace. Na zuƙi maganin a gabanta, na yi wa Baba Direba, na zauna riƙe da hannunsa har numfashinsa ya daidaita. Daga nan kuma ba ta sake zama ba: wannan na son magani, likita na neman shugabar ɗaki, 'yan'uwan wancan sun zo da faɗa, iskar numfashi ta kusa ƙarewa. Duk wanda ya nufo ni sai in nuna masa mai makulli. Kafin la'asar ta cire takalmin nan ta ari silifas ɗin mai shara.

Da masu aikin yamma suka iso, ta tari babbarsu da makullin tun daga ƙofa. Matar ta gaishe ta da ladabi, ta ce, "Ni daga hannun shugabar ɗaki nake karɓa. Wace ce?"

Ta-Sama ta juyo gare ni. Fuskarta duk gumi, muryarta ta dushe, ta koma irin ta lokacin da muke ɗalibai.

"Haba, ƙawata. Ke ce shugabar ɗakin nan, kowa ya sani."

"Kowa ya sani, ban da albashina."

"Zan kai maganar sama, na yi miki alkawari."

"Alkawarinki biyu na rataye a bango, suna ba ni lokaci, ga na uku a kwali."

Na ɗauki jakata. Rabon da in tashi aiki a kan lokaci har na manta. Ta biyo ni har bakin ƙofa, inda dokar ta tsayar da ita, ta miƙo makullin ta saman dokin ƙofar.

"Dokarku ce," na ce mata. "Hannu da hannu. Ki sauko mini da takardar tabbatar da ni, in karɓi makullinki."

Na bar mata agogon a kan tebur, ta riƙa duba lokacin allurar Baba Direba. Da na isa gida na tarar da Baban yara a kan keke. Na ce ya ciro bel ɗin nan ya ƙara masa yadin, ya goge shi, ko su ba ni muƙamin ko kada su ba ni, ba zan sake rataya makullin kowa da farin bel a ƙuguna ba.