Saƙon da Loretta ta goge

Gwamnatin tarayya a Washington ta riga ta sa hannu a kan cinikin, har an yanka kek a ofis. Kamfanin da ya mallaki tashar talabijin inda Loretta Brandvold ke sayar da talla zai haɗiye ɗaya tashar da ke garin. Sai ga Antoni-Janar na jiha ya kai ƙara, wai haɗewar za ta bar 'yan kasuwa ba zaɓi. Washegari lauyan kamfani ya tara ma'aikata ya ja musu kunne, kada wanda ya goge ko da saƙon imel ɗaya, don duk za a miƙa wa kotu.

Nan take Loretta ta tuna da wani saƙo nata. A watan Maris ta rubuta wa ƙawarta Yolanda ta sashen labarai: "Bari mu haɗiye su, sai mu ninka kuɗin talla. Ina 'yan kasuwa za su je?" Wasa take, amma wa zai yarda? Ga mijinta Wendell ana yi masa wankin ƙoda sau uku a mako, kuma inshorar aikinta ce ke ɗauke da shi. In aikin ya tafi, inshorar ta bi shi.

"Ke dai bakinki ba ya da birki," in ji Yolanda a wajen injin kofi. "Ki bar shi yadda yake, kin ji ko?"

"In alƙali ya karanta fa?"

"Saƙo miliyan huɗu? Sai dai jikokinsa su ƙarasa masa!"

Kwana tara Loretta tana buɗe saƙon tana rufewa. Abinci ya daina shiga. Ranar ta goma, bayan ta ajiye Wendell a asibiti, ta zauna cikin mota ta danna gogewa, ta yi ajiyar zuciya.

Bayan mako uku aka kira ta hawa na biyu. Lauyan na zaune da wata mata daga sashen ma'aikata, takarda ɗaya a gabansu.

"Malama Brandvold, ba mai karanta saƙo miliyan huɗu," in ji lauyan a gajiye. "Jerin waɗanda aka goge bayan gargaɗi lauyoyin jiha suka fara nema. Guda ɗaya ne a duk ginin nan."

Matar ta turo mata takardar sallama. Loretta ba ta ko kalle ta ba.

"Inshorar fa?"

"Zuwa ƙarshen wata."

Ranar ashirin da takwas ce ga wata.